Kaka Ilu da Hanyar Tasha

Duk wanda ya zauna Dakoro ya san Kaka Ilu da kekensa, amma kafin a gyara hanyar tasha ba wanda zai rantse ya taɓa ganin shi a kai. Turawa yake yi. Kullum da hantsi zai fito daga zaure, ya naɗe ƙafar wando kamar mai shirin hawa, ya ɗaure saƙonnin mutane a baya da tsohuwar roba, sannan ya kama keken ya yi ta turawa tun daga bakin kasuwa har tasha. Kun dai tuna rairayin hanyar nan a da, jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya shiga. In ka ce mashi, "Baba, ka bar keken gida mana ka ɗauki kayan a ka," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wa ya aiko ka ka raba ni da shi?"

Ni jikarsa ce, ɗiyar ɗiyarsa, a gidansa na tashi, kuma har na yi aure na haihu bai bar ce mani "amarya" ba. Saboda haka in na ce mutumin nan bai yarda da kowa ba, ba a bakin wani na ji ba. In an gaishe shi da fara'a, ya ce ba banza ba. In an wuce ba a gaishe shi ba, nan ma ba banza ba. Ranar da mijina ya kawo mashi farin goro manya, ya karɓa ya sa albarka, sai da ya ga fitarsa ya jawo ni gefe.

"Amarya, mi mijinki ya yi maki? Goron ga ya cika kyau."

Keken a Ƙaura Namoda ya saye shi, lokacin yana saurayi yana cin rani, yana dako a tashar jirgin ƙasa. Daga can ya dawo da keke, ya kuma dawo da yaƙinin cewa wata rana jirgi zai zo Dakoro. Da aka fara zancen za a jawo jirgi daga Kano zuwa Maradi, kowa na murna, shi ko sai ya taɓe baki.

"Maradi suka ce don ku yi barci. Nan za shi. Tashar motar nan ita za a mayar tashar jirgi. Manya sun sani, shi ya sa suka yi shiru."

Na ce, "To Kaka, mi jirgi zai zo ɗauka a Dakoro?"

Ya ce, "Shanu, da wake, da ke in kin ishe ni."

Abin da ke ci mashi rai shi ne jirgi ya iso ya tarar ba hanyar da mai ƙafa ko mai keke zai bi ya kai gare shi. Rairayin kuwa, a wurinsa, ba kawo kansa ya yi ba, zuba shi ake yi. Kuma ya san masu zubawa: ƴan kabu-kabu, masu haya da babur. Wata rana ya tare shugabansu, wani yaro mai ladabi da ake ce wa Sabi'u, a gindin dogon yaron bakin kasuwa.

"Kai Sabi'u, amalanke nawa kuka zuba wannan makon?"

"Na mi, Baba?"

"Na rairayi. Ƙafa ta gaji, keke ya kafe, kowa ya hau babur ɗinku."

"Wallahi Baba, iska ke kawo shi."

"Iska. To ita iskar mi za ta ci in na gaji? Babur gare ta?"

Haka muka yi ta dariya, har ranar da abin ya wuce dariya. Kakata Hajo, matarsa, takan kai kwaɗon zogale tasha da rana. Tana tafe da kwano a ka, wani mai babur ya zo kauce wa amalanke, rairayi ya kwashe mashi taya, ya yi ciki da ita. Hannunta na dama ya karye a wuyan hannu. Yaron da ya buge ta ya fi ta kuka. Muka zaci Kaka zai tayar da gari, amma bai tayar ba. Ya zauna a ƙofar likita, hannu a haɓa, har aka gama ɗaurin. A hanyar gida ne ya ce, kamar mai magana da kansa, "Yaron ba shi da inda zai bi, ita ma ba ta da inda za ta bi."

Kashegari ya cika ƙwarya da rairayin hanyar, ya ɗora a keke ya tura har biro, wato ofishin masu kula da hanyoyi. Ya dire ta a gaban ma'aikacin da ya tarar.

"Ga hanyarmu na kawo ku gaisa."

Ma'aikacin mutum ne mai haƙuri. Ya yi murmushi ya jawo mashi kujera. Kaka ya ƙi zama, ya ce kujera an yi ta ne don mutum ya manta abin da ya kawo shi. A tsaye ya faɗi buƙatarsa: a daɓe hanyar daga kasuwa zuwa tasha, a ware gefe guda na masu ƙafa da masu keke, a yi mashi ɗan tudu yadda babur da mota ba za su hau ba. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya koma. Ya fara jan matan da ke sayar da abinci a tasha, da mahauta, da iyayen ƴan lakkwal, wato ƴan makarantar boko, har da Sabi'u. Ba wai ya yarda da su ba ne. In suna tafe shi ke baya, wai don ya ga wanda zai zame.

An daɗe ana wannan sintiri. Sai ga masu awo wata rana da sandunansu da jan fenti. Kaka ya fito yana kallo, hannu a baya, yana ɓoye murna. Suka auna, suka buga turaku, suka zo daidai gidanmu, sai ɗayansu ya tsoma buroshi ya zana ja a bangon zaurenmu. Zauren ya shigo hanya, sai an ci gabansa.

Dama gidan da ke kallon namu na Alhaji Nomau tela ne, wanda tun suna samari suka nemi auren Hajo tare, Kaka ya kasa shi. Bangon Alhaji Nomau kuwa ko ɗigon fenti bai samu ba. Kaka ya dubi nasa bango, ya dubi na maƙwabci, ya gyaɗa kai.

"Nomau, ashe har yau ba ka haƙura ba."

Alhaji Nomau ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Ilu, ni da ban san ma za su zo ba?"

"Haka za ka ce."

Masu awo suka ce ga abin awonsu, ya zo ya duba da idonsa. Ya ce bai yarda da abin da ke naɗewa ya koma cikin gwangwani ba, wa ya san abin da yake yi a ciki. Ya aike ni na ɗauko igiyar gugarmu. Jama'a suka taru. Ya kafa bakin igiyar a turken tsakiyar hanya, ya ja ta har bangon Alhaji Nomau, ya ƙulla ƙulli a wurin. Sannan ya juyo da ita wajen namu gida, yana tafe yana kallon mutane ɗaya-ɗaya, irin kallon yau-za-ku-gani. Igiya ta kai jan fenti, ba ta ƙare ba. Sai da ya shiga da ita ta ƙofar zaure, ƙullin ya sauka can ciki, kusa da inda yake shimfiɗa buzunsa. Ashe masu awo sassauci ma suka yi mashi.

Alhaji Nomau ya yi gyaran murya ya koma ɗinkinsa. Kaka ya daɗe yana duban igiyar.

"Amarya, wa ya ari igiyar ga kwanan baya?"

Na ce, "Matar Alhaji Nomau."

Ya ce, "To."

Ran nan bai ci tuwo ba. Ku da ke waje kun ga abin dariya, mu da ke ciki mun san zauren nan mahaifinsa ya gina shi. Nan aka ɗaura auren uwata, nan aka raɗa mani suna, nan aka shimfiɗe mahaifin nasa kafin a kai shi makwanci. Kakata Hajo ta bar shi har ya gama huci, sannan ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannun nan da ya warke a karkace a kan gwiwarta.

"Malam, kai ka roƙi hanya. Ka zaci ta sama za ta bi?"

Ya juya mata ƙeya. Amma da aka fito sallar asuba sai muka ji dukan diga. Shi ne da kansa yake sarar bangon, wai gara ya rushe abinsa da hannunsa da a ce an rushe mashi Nomau na kallo. Bai yi nisa ba sai ga Alhaji Nomau ya tsallako, ya tuɓe babbar riga, da tasa digar.

"Ka zo ka ga ƙarshena?"

"Na zo in taya ka."

Kaka ya share zufa, ya dube shi. "Kama can. Amma kar ka matsa kusa da azarata, na san su ɗaya bayan ɗaya."

Hanya ta yi kyau, kun gan ta. Aka jera tubalin suminti, aka ware gefen ƙafa da keke da ɗan tudunsa, aka dasa ƴan itatuwa. Ranar da aka buɗe ta mutane suka ce ba wanda ya cancanci fara hawa sai Kaka Ilu. Ya ce, "A gaban jama'a? Don in faɗi ku samu abin faɗi?" Ya koma gefe ya zuba ido. Sai da ya ga ƴan lakkwal sun yi ta zirga-zirga a kai ba abin da ya same su, sannan wata safiya ya yanke shawara, bai gaya wa kowa ba.

Ina dawowa daga tasha na hango shi. Kaka a kan keke, riga ta cika da iska, hula ta koma ƙeya, baki har kunne. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai ka ce saurayin da ya dawo daga cin rani. Ya wuce ni yana kaɗa ƙararrawa. Kun san ɗan gangaren nan kafin a shiga tasha? Nan na lura gudun ƙaruwa yake yi. Ya wuce masu shayi, ya wuce masu ƙosai, mutane na tsalle gefe, bai tsaya ba sai cikin buhunan waken wani mutumin Sabon Maci da ke jiran mota. Cukun da aka ba shi saƙo ya watse ko'ina, awakin tasha suka ce gaba ta kai mu.

Muka ruga. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya ƙuje. Yana miƙewa, kafin ma ya karkaɗe riga, ya ce, "An yanke mani birki."

Aka kira Lawali mai gyaran keke. Ya duƙa ya taɓa robar birkin, ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli. Wayar kuwa tsatsa ta cinye ta tun ba yau ba.

Ya ce, "Baba, ba wanda ya yanke. Keken ga tun kafin a haife ni rabonsa da birki. Rairayi ne ke tsayar da kai."

Kaka ya duƙa ya dubi robar. Can ya ɗaga yatsa.

"Kun ji ko? Shi ya sa suka kwashe shi."

Lawali ya sa mashi sabon birki, Kaka na tsaye a kansa har ya gama. Daga ranar kullum a kan keke yake kai saƙo. Da la'asar kuma sai ya fito da benci ya zauna a ragowar zaurensa, sanda a gefe, yana gadin gefen masu ƙafa. Duk mai babur ɗin da ya kuskura ya hau tudun, kafin ya sauka ya ji sunan ubansa da na kakansa. Kakata Hajo ta koma kai kwaɗonta tasha, tana tafe a hankali ba waige. Jirgi dai bai zo ba. Da na tsokane shi, cewa ya yi, "Sun ji an gyara hanya ne suka dakata, don kar a ce Ilu ya yi gaskiya."

Ciwon ajalinsa bai ja da tsawo ba. Ni nake jinyarsa, don ya ce cikin masu son kashe shi ni ce mai dama-dama. Kullum in na kawo magani sai ya tambayi wa ya rubuta, wa ya sayo, a hannun wa ya kwana. Ranar da na miƙa mashi ya karɓa ya shanye bai tambaya ba, ranar gabana ya faɗi. Na zauna a bakin tabarma na kama hannunsa, ya yi sanyi, ba nauyi.

Na ce, "Kaka, ba ka jin tsoro?"

Ya buɗe ido ya dube ni, irin duban nan nasa, amma a tausashe.

"Amarya, na zargi mutane da yawa, wasu da gaskiya, wasu Allah ya yafe mani. Amma akwai Guda da tunda nake ban taɓa kama shi da saɓa alkawari ba. Wurinsa za ni. Tsoron mi?"

Bai kai Juma'a ba.

Allah ya jiƙan Kaka Ilu, ya yafe mashi, ya sa waɗanda ya zarga su yafe mashi. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata mashi shi, ya karɓe shi da rahamar da ya tafi yana sa rai da ita. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.