Tururuwa a Ƙoƙon Shekara

Duk wanda ya ci kasuwar Matameye kafin babban fari ya san Shekara mai ƙuli. In ba ka saya ba ta yi maka ba'a, in ka saya ta ƙara maka wata gyara. Mijinta Lawwali ɗan cin rani ne: ana gama girbi sai Kano, ya dawo goshin damina da turmin atamfa ɗaya da ƙarya buhu guda.

Shekarar da gyaɗa ta ƙone a gona, soja na mulki nan da can, aka rufe iyakar ƙasa da Lawwali a wancan ƙetaren. A cikin haka Shekara ta haifi Ummaru.

Wankan jego aka yi shi rabi da rabi, don rijiya ta yi ƙasa. Zazzaɓi ya kama ta, ya saki, ya dawo. Sai bakin nan da ya addabi kasuwa ya mutu. Ba ci, ba barcin kirki, sai kallon bango. Yaron na kuka a gefenta, tana jin sa kamar daga bayan gari. Ba ƙin sa take ba. Ta lalubi son a ƙirjinta, ta iske wayam kamar rumbun bana.

Mata kuwa, kowacce ta zama boka. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce kewar miji, kamar Lawwali wani abin kewa ne.

Surukarta Uwa ta ja ta likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya, ya ba da maganin zazzaɓi ya ce, "Inna, jiki murhu ne mai dutse uku. Akwai masu yaƙi da cuta a cikin jini, akwai sinadaran da ke juyawa bayan haihuwa, akwai ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta. Ɗaya ya goce, sauran su bi, tukunya ta karkace. Ciwo ne, ba hali ba. Ta ci, ta huta, kada a bar ta ita kaɗai."

"Ɗan nan," in ji Uwa, "mun zo neman allura ka kafa mana murhu."

Ummaru dai sai ramewa yake. Uwa ta yanke cewa nonon ne ya ɓaci, ta kira Ladi ungozoma a gwada shi yadda aka gada: a tatsa a ƙoƙo, a jefa tururuwa. Ta fito, nono lafiya. Ta mutu, a cire yaro daga mama. A ba shi me? Awaki sun ƙare. Sai kunun jar dawar taimako, wadda ko babba sai ya riƙe ciki. Kowa a tsakar gidan ya san inda wannan hanya take kaiwa, ba wanda ya faɗa.

Da hantsi aka tatsa, ɗan kaɗan. Ladi ta jefa.

Tururuwa ta kama bangon ƙoƙon, ta sulɓe. Ta sake, ta sulɓe.

"Yunƙura mana, 'yar nema!" in ji Ladi.

"Ki bar ta," Uwa ta ce. "Ba a roƙon shaida."

Shekara na kallo. Ƙafafun nan suna motsi, suna rage motsi, bakin ƙoƙon ga shi nan kusa amma ba hawa. Ta san wannan. Tun da ta haihu a nan take zaune.

Ta zare tsinke daga tabarma, ta tsoma a ƙoƙon a gaban kowa. Tururuwa ta maƙale, ta hau.

"La ilaha! Kin ɓata gwaji!" in ji Ladi.

"Iya Ladi," Shekara ta ce, murya a dishe, "ke ma a jefa ki rijiya mu ga ko ruwan na da kyau."

Ta juya ga surukarta. "Inna, kada ku ɗauke shi. Ni ma ku miƙo mini tsinke."

Uwa ta dubi ƙoƙon, ta dubi jikanta. Ta kifar da nonon a ƙasa, ta ɗora yaron a cinyar uwarsa, ta zauna dab da ita.

Ba ranar ta warke ba, kada a yi muku ƙarya. Sai da Uwa ta dawo da tabarmarta ɗakin, ta riƙa tsare ta da rabon tuwonta, tana zagi tana ba ta a baki, har ruwa ya sauka. Ummaru ya rayu, ya yi tsawo, ya gaji ƙaryar ubansa. Shekara ta koma kasuwa da bakinta, sai dai in tururuwa ta hau farantin ƙuli ba ta murje ta. Hure ta take.