Alfadaran da Suka Daina Faɗuwa

Shekara ashirin da bakwai Don Aristides yana duba dabbobi a wani ƙaramin gari cikin duwatsun Kolombiya, kuma duk alfadarin da aka kawo masa da tabon bulala, abu ɗaya yake rubutawa: ya faɗi ne. Mutum ne mai tsoron kotu, saboda haka alfadaran garin suka yi ta faɗuwa.

Da aka yi dokar da ta hana a maka likitan dabbobi a kotu don ya kai rahoton zalunci, sai ya ƙudurta faɗin gaskiya a kan dabbar farko da za ta shigo. Sai ga Baudilio mai amalanke, wanda ya tsaya wa 'yar likitan a wurin baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre, yana jan alfadara duk gadon bayanta ya ɗaye.

"Kompadre, ta sake faɗuwa," in ji Baudilio. "Rubuta mana yadda ka saba."

"A kan bulala ta faɗi, kompadre? Har sau tara?"

"Au, tsufa ya sa ka koyi ƙirga?"

Likita ya rubuta abin da ya gani. 'Yan sanda suka ƙwace alfadarar, suka rasa inda za su ajiye ta, suka ɗaure ta a tsakar gidan likita.

Ba wanda ya kai shi ƙara. Sai dai ranar auren 'yar tasa, kujerar Baudilio ta wuni ba kowa, alfadarar kuwa ta cinye furannin amarya.