Kunnen Suruki

A dangi Ƙuma ake kiransa, don tun yana goye ba a taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya ba. Ko hoto aka ɗauke shi, dishi-dishi yake fitowa.

Aski yake yi a wani ɗan shagon surukinsa mai tsagaggen madubi da fanka mai fiffike biyu. Yana aski waya na maƙale a kafaɗa, ƙafa na kaɗawa, ido na kan titi. Rabin mazan unguwar suna da tabo a kunne, sauran kuma sun koma tara suma.

Da hawan jini ya kama shi, likita ta ce ya riƙa zama shiru yana bin numfashinsa. Ƙuma ya bi numfashin har ya wuce shi. Ya rufe ido ɗaya, ya tuna bai kashe famfo ba, ya zabura, ya kira matarsa: "Kina ji? Na natsu! Na riga kowa natsuwa!"

Ana haka surukin ya zo aski, ya kama nasa kunnen na dama.

"Yaro, wannan kaɗai ka bar mini lafiyayye. In ka yanke shi, ka ajiye mini makullin shagona."

"Haba Baba, ai na warke."

"Ƙafarka ba ta samu labari ba."

An kwashe rabin kai ke nan aka ɗauke wuta, injin aski ya yi tsit. Gefe fes, gefe daji, kuma dajin a wajen lafiyayyen kunnen yake. Ƙuma ya leƙa titi, ya dawo, ya jijjiga inji, ya zage shi. Gumi kamar an watsa masa bokiti. Dole ya lalubo tsohon almakashi da mataji.

Almakashi kuwa ba ya son sauri. Ƙyas, sai Ƙuma ya ja numfashi. Ƙyas, sai ya sauke. Ya ga furfura na sauka a hankali kan tawul, ya ji ɗumin kan tsohon a tafinsa. Waya ta yi ta kuka, bai ma ji ba. Baba har da minshari.

Wuta ta dawo, inji ya hau ruri a kan tebur. Ƙuma ya miƙa hannu ya kashe shi.

Tsohon ya farka, ya shafa kunne, ya duba yatsa, babu jini.

"Riƙe makullinka."

Ƙafar dai har yau tana kaɗawa, makwabta sun ce tana girgiza musu kwanuka. Amma da ya zo kusa da kunne, sai ya kashe inji.