Shekarar Da Na Shanya Mijina

Mijina ya yi shekaru a ramin zinariya can Kurmi, kudancin ƙasarmu, yana shiga ƙasa kafin rana ta fito, yana fitowa bayan ta faɗi. Ya dawo Tamale a daminar ƙarshe kafin Turawa su sauke tutarsu, kuma da na fita tarbarsa a bakin zaure, da ƙyar na gane shi. Wanda na aura baƙi ne wuluk, mai dariyar da maƙwabta ke ji ta katanga. Wanda mota ta sauke mana ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki.

Duk unguwarmu ta Sakasaka ta ɗauka hutu ne. A wurinmu idan mutum ya yi tafiya ya dawo da haske, to ya samu duniya ke nan, a inuwa yake zama. Mata suna shigowa barka da zuwa suna cewa, "Kai, Kurmi ya karɓe shi paa! Duba fata sai ka ce akawu." Surukata, wadda kowa a gidan ke kira Mma, ta dinga kumbura. Ta ba shi ɗakin ƙurya, ta rataya bargo a taga, ta hana shi taka tsakar gida da rana, wai kada hasken ya lalace kafin danginsu na Kasalgu su zo su gani.

Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba hutu ba ne. Barci ba ya ɗaukarsa, tuwo sai ya taɓa ya ture, gwiwoyinsa suna ciwo, damatsansa sun saki. Yakan wuni yana kallon bango. 'Yarmu ta hau cinyarsa, ya sauke ta ko kallonta bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Na tsorata ƙwarai, don na ga idan aka ci gaba a haka rasa shi zan yi.

Na durƙusa na ce, "Mma, mutumin nan fa ba shi da lafiya."

Ta ce, "Ke dai kin saba da mai warin gumi. Allah ya ba ki babban mutum, ba ki san yadda ake riƙe shi ba."

Suruka ba a ja da ita, amma ana iya zagaye ta.

Sana'ata man kaɗanya. Tun ina ƙarama na san ƙwarar da aka dafa aka bari a ɗaki funfuna take yi, manta ya fito da ɗaci. Ni ba likita ba ce, iyakar ilimina ke nan, kuma da shi na yi aiki. Da kaka ta yi, na baza ƙwarata a fakon bayan gida. Na jira Mma ta ɗauki faifan goronta ta tafi kasuwa, sannan na ɗaure ƙugu da ɗankwali, na shiga ɗakin ƙurya ina nishi.

"Maigida, bayana ya riƙe. In ba a juya ƙwarar nan ba, wahalata ta shekara ta tafi a banza."

Ya fito yana dafa bango, yana runtse ido. Ya ɗan juya kaɗan ya zauna a kan turmi yana haki, rana tana dukan bayansa. Na yi kamar ban gani ba. Washegari bayan nawa bai saki ba, haka jibi. Daga juya ƙwara aka kai ga kwashewa a buhu, daga buhu aka kai ga faskaren itace. Ranar da gumi ya fara jiƙa masa riga, da kansa ya aika a sayo masa koko da ƙosai. Ya koma barci har da minshari, ni kuwa ban taɓa jin daɗin minshari irin na lokacin ba.

Wata safiya ya ajiye gatari ya dube ni, ya ce, "Wai wannan baya naki, sai Mma ta fita yake ciwo?" Sai ya fashe da dariya, tsohuwar dariyar nan, har kaji suka watse.

Fata kuwa ba ta rufa asiri. Goshi ya fara duhu, wuya ya bi. Mma ta riƙe fuskarsa ta juya ta dama da hagu, ta saki salati.

"Kin ƙona mini ɗa! Yau sai na aika wa ubanki."

Kafin in buɗe baki, wanda da ma bakin nawa ba ya da linzami, ya riga ni. "Mma, ki yi haƙuri ki bar ta. Na daɗe a rami. Ban dawo gida don in shiga wani ba."

Ba ta aika ba, amma ta daina amsa gaisuwata har rani ya shigo.

Bikin 'yancin kai ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ke sa kare ya haƙura da haushi. Gari duk ya fito fili, makaɗan Dagomba suna ta kiɗa, an ɗaga sabuwar tuta. Bayan azahar aka shirya jan igiya tsakanin unguwanni, mu da Tishigu, su kuma mahauta suka jero masu wuya kamar na bijimi. Samarinmu suka zo har inda muke tsaye suka ja mijina, suka sa shi a ƙarshen igiya, inda ake sa wanda aka fi yarda da ƙarfinsa. Ya tuɓe riga ya ba ni.

Aka busa usur. Da farko sun ja mu. Sai ya kafa dugadugansa a ƙasa ya kwanta baya, bayan nan baƙi yana sheƙi, igiya ta tsaya cik. Ta fara dawowa taku-taku, har mahautan Tishigu suka zube kan juna.

Guɗar da ta fara tashi a kunnena ta Mma ce. Ta ture mutane, mayafinta a ƙasa, tana nuna shi da hannu biyu.

"Kun gan shi? Baƙin can na ƙarshe! Ɗana ne, ni na haife shi!"

Ta waiwayo ta kama hannuna ta ɗaga sama. Na tsaya rungume da rigarsa ina kukan murna a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba.