Tarin fuka ya kama ni a bakin aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan aiki. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata ba. Wasu sun ce fushi nake, wasu sun ce na bar aiki na shiga kasuwanci. Ba ko ɗaya. Tarin fuka ne ya kwantar da ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, ma'aikaciyar jinya ce ni a wata ƙaramar likita ta ƙauye, wato ɗakin shan magani, a yankin Dungas. Mu biyu ke riƙe da wurin, ni da manjo, wato shugabanmu. Awon ciki nawa ne, rigakafi nawa ne, ƙarin ruwa, karɓar haihuwa, wankin miki, duk ni.

Tarin ya fara ne da damina, lokacin da masassara ta cika mana ɗaki da yara, har wasu na kwance a baranda bisa tabarma. Na ce mura ce. Sai zazzaɓi kullum da la'asar, sai gumi, sai abinci ya fita raina. Zanena ya fara zamewa daga ƙuguna.

Na san alamun. Ni nake karantar da su. Masu irin wannan tarin nawa na duba, fuska da fuska, a ɗaki mai taga ɗaya, ba takunkumi? Namu ya ƙare tuntuni, ba a sake aiko mana ba.

Na samu manjo na ce ina son konje, wato hutu, in je a auna ni.

Ya ce, "Madam Rabi, in kin tafi wa zai tsaya kan yaran nan? Na kai kuka sama har bakina ya gaji. Ki daure a yi girbi."

Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma ƙafafunsa a kumbure suke don tsayuwa. Waɗanda suka bar mu haka nake jin haushi.

A cikin wannan halin ne wasu masu bincike suka zo da farar mota, wai suna nazarin yadda ake kula da marasa lafiya. Suka zaunar da mata suna tambaya: ana karɓar ku da fara'a? Ana yi muku bayani? Ina gefe ina tari kamar ƙirjina zai tsage. Ko sannu. Da za su tafi, ɗayansu ya ce mini, "Madam, ki ƙara sakin fuska."



Ranar awon yara abin ya fashe. Ina tsaye gaban iyaye mata ina ce musu tarin da ya wuce sati biyu ba na wasa ba ne, sai tari ya turnuƙe ni. Na ɗago, ga jini a gaban farar rigata. 

Inna, mahaifiyata, ta zo daga Magariya a ranar. Ba ta ko zauna ba. Ta ce wa manjo, "Ɗana, ni ɗiya na ba gwamnati, ba gawa na zo ɗauka ba." Ta goya Nana, ɗiyata mai shekara uku, muka hau kabu-kabu zuwa tasha.

A babban asibiti aka karɓi kakina, aka ɗauki hoton ƙirji. Dokta ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke da kika san komai, me ya sa kika kai haka?"

Na ce, "Dokta, na nemi tafiya, ba wanda zai canje ni."

Ya tabbatar tarin fuka ne, ya rubuta mini magani.

Tsorona ba mutuwa ba ce. Nana ce. A jikina take kwana, a kofina take shan ruwa. Kafin sakamakonta ya fito ban iya haɗiye ko kunu ba. Allah ya taimake ni ba ta kamu ba, amma aka ɗora ta kan maganin kariya. Yarinya na kuka, ana matse mata baki, saboda aikin uwarta.

Maganin tarin kyauta ne. Hoto, mota, ƙwai da nama kuwa, sai da Inna ta sayar da tunkiyarta. Wata shida ina haɗiyar ƙwayoyi da sassafe, ciki ba komai. Fitsari ya koma ja, gaɓoɓi na ciwo, zuciya na tashi.

Sai kuma bakin mutane. Aka ce ƙanjamau ce nake ɓoyewa. Wata mata da ni na karɓi haihuwarta ta gan ni a kasuwa, ta ja ɗanta ta sauya hanya. Hannun da ya yanke masa cibiya take gudu.

Alhamdulillahi, gwajin ƙarshe ya fito ba komai. Na warke, jikina ya fara dawowa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna. Na gode wa ma'aikatan da suka yi jinyata alhali su ma a gajiye suke, da matan ƙauyenmu da suka aiko mini da fura da wake ba su tsorata ba.

Jama'a, tari in ya wuce sati biyu a je a auna kaki. Ana warkewa. In an fara magani kada a yanke don an ji sauƙi. A buɗe tagogi, a kai yaran gida a duba su, a daina gudun mai ciwo.

Abokan aiki, kada ku jira girbi. Ku je a duba ku ko an yarda ko ba a yarda ba.

Ku kuma na sama, masu mota da masu bincike, in kun sake zuwa ku tambayi mai farar rigar yaushe rabonta da hutu, me ta ci tun safe. Ita ma uwa ce ta haife ta, kuma akwai mai jiran ta a gida.