Masakin da Na Huda wa Nasara

Ban taɓa zama jarumi ba, kuma ban taɓa cewa ni ne ba. Shi ya sa ranar da masinjan Bature ya tsaya a bakin rumfata a Ƙofar Dundaye ya ce ana kiran gyartai a bariki, sai da na waiwaya ko akwai wani gyartan a bayana. Lokacin Nasara ba su fi shekara bakwai da cin Sakkwato ba, wanda duk aka kira bariki yafe wa juna ake yi kafin ya fita.

Ashe aiki ne. Baturen mai awon ƙasa ne, dogo, wuyansa duk rana ta ƙone shi. Ya sa an kawo masaki wanda yaro zai iya kwanciya a ciki, da wata takarda cike da ɗige-ɗige. Tafinta ya ce in huda masakin yadda aka ɗiga, kada in ƙara, kada in rage. Kwana huɗu ina gasa basilla a wuta ina hudawa. Ban tambayi ko na mene ne ba, don mai tambaya shi ake tunawa da fuskarsa.

Rana ta biyar, da azahar, aka shigar da ni wani soro da aka toshe tagoginsa da barguna. Aka ja ƙofa. Na fara kalmar shahada. Baturen ya kunna wata ƙaramar fitila a ƙasa, ya kifa masakina a kanta.

Sai ga sama a cikin ɗaki. Taurari a rufi, taurari a bango, wasu har a kan rigar tafinta. Baturen ya juya masakin a hankali, duk suka tafi yamma tare, na durƙusa. Yana ta magana yana nuni da sanda, murna fal fuskarsa, tafinta yana cewa don 'yan makaranta aka yi. Ni ban ji komai ba, domin idona ya faɗa kan wani ɗan cunkuson taurari kusa da kusurwa. Kaza da ɗiyanta ce. Na tuna ni da kaina na huda ta, har ina mitar an cusa ramukan wuri ɗaya.

Kowane ɗan manomi ya san Kaza takan ɓuya da bazara, kuma in ta sake leƙowa ta gabas da asuba, damina ta kama. A lokacin ta ɓuya. Ga ta nan kuma a ɗakin Nasara da rana tsaka, an ja mata ƙofa.

Babana yana da gona bayan ganuwa, kuma iri kwando ɗaya ya rage mana, don bara fara ta yi mana ɓarna. Idonsa ya yi yana, ya daina ganin taurari, saboda haka ni yake tasa da asuba in hau katanga in duba masa. Bai yarda a taɓa irin nan ba sai Kaza ta fito. Ni kuwa na san inda take.

Ruwa ya makara a shekarar. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, ni ina sahun baya ina jin kamar kowa ya san abin da hannuna ya yi. Na yi tunanin in koma bariki in toshe ramukan da danƙo, har na kai inda nake hango ɗan sanda a ƙofa, na juyo kamar wanda ya yi mantuwa. Tsoron Bature na gabana, tsoron yunwar gidanmu na bayana. Kowace asuba in ce wa Baba ƙura ta tare gabas, ya ce to, sai gobe.

Wata asuba na hau katangar, na duba, na kasa ƙaryar. Kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni da gemu.

"Baba, ba ta hitowa. Ni nab ba Nasara ita. Tana can cikin masaki an kulle."

Na zayyana masa komai daga saman katanga, fitila da barguna da duka. Ya gyara riƙon sandarsa, har na zaci tsine mini zai yi. Ya ɗaga fuska yana shaƙar iska.

"To wurin da ta saba hitowa, mi kag gani?"

"Babu komi, Baba. Baƙi ƙirin. Ko tauraro guda babu, tun daga ƙasa har tsakiyar sama."

"Ko guda?"

"Ko guda."

A nan wata iskar hadari mai sanyi ta bugo, ta kusa ture ni daga katangar.

"Sauko, wawa," in ji shi. "Tai ka ɗauko sungumi da kwandon iri."