Kujerar Alhaji

Jama'a, ƙafa ce ta kai ni ko zuciya? Har yanzu ban sani ba. 'Yata Binta ke rubuta min.

GP, likitan unguwarmu, ya tura ni asibiti a duba gwiwata. Daga gidanmu a unguwar Small Heath sai ga ni a sashen zuciya, inda na saba raka maigidana marigayi Alhaji! Na ɗora jakata a kujerar gefe. Wani Bature zai zauna, na ce masa da Hausa, "Da mutum!"

Nas ta gane ni: "Mama, ina Baba?"

Sai na fashe da kuka. Lokacin ganin likitan gwiwa ya wuce, wai sai GP ya sake turo ni. Kun ji aikin tsufa!

Ranar da Alhaji ya shiga ganin likitan zuciya bai fito ba, cewa ya yi, "Hajiya, riƙe min kujerata, yanzu zan fito."